Yadda Ake Neman Zaman Taimakon Juna Na Masu Barin Giya

Wanda giya ta kama, ya kuma yanke shawarar rabuwa da ita, abu biyu ke gabansa a makonnin farko. Na ɗaya, jikinsa ya saki barasar ba tare da ta kayar da shi ba, wannan kuwa aikin likita ne. Na biyu, ya samu mutanen da zai riƙa zama da su a daidai lokacin da ya saba nufar mashaya, waɗanda suka san abin daga ciki domin su ma ta taɓa fin ƙarfinsu. Wannan shi ne zaman taimakon juna: mutum biyar, goma, wani lokaci talatin, su haɗu na kamar awa ɗaya, kowa ya faɗi halin da yake ciki, a saurare shi, a watse. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta suna, ba a tambayar ɗan gidan waye.

A Landan ko Nairobi neman irin wannan zama bai wuce a buɗe waya ba. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi kuwa da wuya ka ga allo a ƙofar wani gini an rubuta cewa a nan masu barin giya ke haɗuwa. Sai ka san wanda za ka tambaya, da abin da za ka ce masa.

Fara duba jikinka

Wannan ya zo gaba da komai, saboda a nan ake rasa rai. Idan ka ɗauki watanni ko shekaru kana sha kullum, tsayawa farat ɗaya na iya zama haɗari. Barasa tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta ƙara wa kanta ƙaimi don ta iya aiki duk da dannewar. Ranar da aka janye barasar kwatsam, ƙaimin yana nan, babu abin da ke taka masa birki. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe sai rawar hannu, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci su fara. Cikin kwana biyun farko wasu kan yanke jiki su faɗi suna jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga rana ta biyu zuwa ta huɗu, waɗanda abin ya tsananta wa kan ruɗe, su kasa gane inda suke, suna ganin ƙwari ko macizai a bango, ga zazzaɓi, ga zuciya na bugawa da sauri. A gidaje da yawa wannan matakin ne ake cewa aljanu ne, a kulle ɗaki a hau turare da ruƙiyya, alhali asibiti ya kamata a nufa a daren, domin yana kisa idan ba a yi magani ba.

Waɗanda bai kamata su tsaya ba sai sun ga likita su ne wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, da wanda ya taɓa faɗuwa ko ruɗewa a wani yunƙurin bari na baya, da mai haɗa giya da ƙwaya irin su rochi, tiramol ko kodin, da mai ciwon hanta, suga, hawan jini ko farfaɗiya, sai mace mai juna biyu. A asibiti ana ba da magani irin diazepam, ana rage shi a hankali cikin kamar mako guda, tare da bitamin B1 wanda ƙarancinsa ke lalata ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana sha. Kada ka saya a kemis ka yi wa kanka. Haɗa diazepam da giya na iya tsayar da numfashi, kuma shi kansa yana kama mutum.

Idan likita ya tambaya, faɗi adadin gaskiya: kwalba nawa, leda nawa, ƙwarya nawa ta burkutu, daga ƙarfe nawa kake farawa. Kusan kowa yana rage lissafin saboda kunya, shi kuwa likitan da lissafin yake auna magani.

Amma ba sai ka daina sha ba kafin ka fara zuwa zama. Da yawa sun fara zuwa suna kan sha.

Ire-iren zaman

Mafi daɗewa kuma mafi yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Ta samo asali a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, da wani likitan tiyata, Bob Smith, suka lura cewa hira da juna kan shansu tana riƙe su fiye da duk abin da suka gwada. Littafin ƙungiyar mai ɗauke da matakai 12 ya fito a 1939, yau kuma tana da zama a ƙasashe kusan 180. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son daina sha. Matakan a dunƙule: ka amince giya ta fi ƙarfinka, ka miƙa lamarinka ga Ubangiji, ka zauna ka rubuta laifukanka da raunin halinka, ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka nemi waɗanda ka cuta ka biya su haƙƙinsu, sannan ka taimaki wani da ke bayanka. Manufar ita ce bari gaba ɗaya, amma alƙawarin na yini guda ake ɗauka, yau kaɗai ba za ka sha ba.

Tana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000. Cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka shigar AA ta tsari, kimanin 42 cikin 100 ba su sha ko ɗigo ba har shekara ta zagayo, a sauran hanyoyin jinya kuwa kimanin 35 ne. Wannan ya isa dalilin gwadawa. Ya kuma nuna cewa fiye da rabi sun taɓa zamewa a cikin shekarar, don haka wanda ya zame ba shi ne na farko ba.

SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, ta ɗauki wata hanya. Ba a maganar addini a zamanta, ba a kuma neman ka kira kanka mashayi. Wanda aka horar ne ke jan zaman, ana tattaunawa kai tsaye, ana koyon dabaru kan abu huɗu: ƙarfafa niyya, jure wa kwaɗayin sha idan ya taso, gyara tunanin da ke kai mutum ga kwalba, da sake tsara rayuwa. Za a iya sa ka raba takarda gida huɗu, ka rubuta amfanin sha da illarsa, da amfanin bari da wahalarsa. Zamanta kan kai awa ɗaya da rabi. Ta fi dacewa da mai son a yi masa bayani ya yi tambaya a ba shi amsa.

Akwai Millati Islami, wadda wasu Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, suka sake gina matakan 12 a kan Alƙur'ani da Sunna, tana kuma zama ta intanet da Turanci. Ga Kirista akwai Celebrate Recovery, da ta fara a wani coci a Kalifoniya a 1991. Wanda ke haɗa giya da ƙwaya ko wiwi ya duba Narcotics Anonymous, ta 1953, wadda ke ɗaukar barasa a matsayin ƙwaya kamar sauran. Mata, iyaye da 'ya'yan mai sha su ma suna da nasu zaman, Al-Anon, tun 1951, kuma ba sai mai shan ya yarda ba kafin su je.

Wanda za ka tambaya

A Arewa, ƙofar da ta fi tabbas ita ce asibitin ƙwaƙwalwa: na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos. A Nijar, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai. Mutane na gudun waɗannan wurare don kada a ce sun je asibitin mahaukata, alhali yawancin masu zuwa kati suke yanka su ga likita su koma gida a ranar.

Kada ka tsaya a kan mai yankan kati, ba lallai ya sani ba. Nemi jami'in walwala, ko masanin halayyar ɗan'adam, ko nas ɗin ɓangaren masu shaye-shaye, ka yi tambayar a fili: "Akwai zaman da waɗanda aka sallama suke dawowa duk mako? Wace rana ce, ƙarfe nawa? Wanda bai taɓa kwanciya a nan ba zai iya shiga?" Idan babu, ka ƙara da cewa: "Akwai wani da ya daɗe da bari wanda za ku iya ba shi lambata ya kira ni?" Ba za su ba ka lambar majinyaci ba, kuma haka ya dace, amma suna iya miƙa taka. Zama da yawa daga wannan kiran suka faro.

Hukumar NDLEA, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kuma a 2022 ta buɗe layin kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040. Giya ba ta cikin kayan da hukumar ke kame a kansu, kuma masu ɗaukar wayar na iya nuna maka cibiyar da ta fi kusa da kai.

Sai shafin aa.org, inda ake zaɓar ƙasa a ga yadda za a tuntuɓi AA ta wurin. Akwai zama a Legas da Abuja, akwai a Accra. Masu Faransanci a Nijar, Kamaru da Chadi su nema da sunan Alcooliques Anonymes. Sai dai duk jerin da ka gani a intanet, ka ɗauka ya tsufa har sai ka tabbatar. 'Yan sa kai ne ke riƙe zaman, mai ɗakin kan karɓe ɗakinsa, mai buɗe ƙofa kan yi ƙaura, jerin kuma ya shekara ba a taɓa shi ba. Mutum ya tattara ƙarfin halinsa ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa, sau da yawa daga nan mashaya yake zarcewa. Aika saƙo tukuna: "Ina son daina shan giya, ban taɓa zuwa ba. Zaman Alhamis yana nan? A ina ake shiga?" Idan kwana biyu shiru, ka kira. Idan ba a ɗauka ba, ka wuce na gaba.

A Jos, Kudancin Kaduna da unguwannin Sabon Gari, fada ko fasto kan san inda ake irin wannan zama, domin ɗakunan coci ake yawan ba su aro. Limamin da ka tabbatar yana da riƙon sirri shi ma ya cancanci tambaya.

Maganar sirri a nan ba ƙarama ba ce. Tun farkon shekarun 2000 jihohi 12 na Arewa ke aiki da shari'a, inda hukuncin Musulmin da ya sha giya bulala ce, ga kuma abin da ya fi bulalar ciwo: aure, aiki da mutuncin gida. Don haka ba laifi ka zaɓi zaman da ke nesa da unguwarku, ka kuma ba da sunan da ba a san ka da shi ba. Ƙa'idar zaman ita ce abin da aka ji a ɗaki ya tsaya a ɗaki, amma alƙawari ne tsakanin mutane, doka ba ta tsaya masa ba. Abin da zai iya kai ka kotu ko ya rusa gidan wani, kada ka faɗe shi a gaban taro.

Zaman intanet

Ga yawancin masu karanta wannan, nan ne za a fara. Shafin aa-intergroup.org yana jera zaman AA na intanet, kuma kusan kowace awa akwai wanda ke farawa a wani wuri a duniya. Ana tacewa ta harshe da rana da irin zaman. Idan ka ga Open, kowa na iya shiga, har ɗan'uwan da ya rako ka. Closed na masu son daina sha ne kaɗai. Newcomer ko Beginner na sababbi ne, da shi ya kamata ka fara. Speaker kuwa mutum ɗaya ne ke ba da labarinsa saura na saurare, ya yi wa wanda bai shirya buɗe baki ba. Akwai na mata zalla da na maza zalla. SMART Recovery da Millati Islami su ma suna da jadawali a shafukansu. Manhajar Meeting Guide, mai jera zaman AA, ta fi amfani ga mazauna Amurka da Turai.

Agogo ne ke fara ɓatar da mutane. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya, Ghana na baya da awa ɗaya, Sudan na gaba da awa ɗaya. Ingila daidai take da Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya. New York tana baya da awa 5 a bazararsu, awa 6 a hunturu, wato zaman ƙarfe 7 na yamma a can tsakar dare ne a Kano. Afirka ta Kudu tana gaba da awa ɗaya, Kenya da awa biyu, kuma Turancinsu ya fi sauƙin kamawa a kunnen ɗan Najeriya. Zama da Hausa zalla da wuya ka same shi a jerin, Turanci ne, Faransanci da Larabci.

Zaɓi zaman da ya faɗo a kan lokacin da ka saba sha. Ga mafi yawa tsakanin magariba ne da ƙarfe 10 na dare, da yammacin Juma'a da Asabar, da ranar da albashi ya shigo. Zaman safe yana da kyau, amma ba da safe ake kayar da kai ba.

Yawanci a Zoom ake yi. Kafin ka shiga, canza sunan da ke fitowa ya koma suna ɗaya, ka cire hotonka, domin manhajar kan nuna cikakken sunan da ka buɗe ta da shi. Sa abin sauraro a kunne. Bidiyo na iya cinye kusan gigabait ɗaya a awa, murya kaɗai ba ta cika kai megabait 100 ba, don haka rufe kyamararka ka kuma tsayar da bidiyon da ke shigowa. Wasu zaman kan nemi ka buɗe kyamara na ɗan lokaci a farko don su tace masu shigowa da iskanci, idan ba za ka iya ba ka rubuta wa mai kula da zaman. Ka yi cajin waya tun da rana. Idan gida babu inda za ka kaɗaita, cikin mota, shago bayan an rufe, ko ofis bayan an tashi duk suna yi.

Raunin intanet a bayyane yake: za ka iya zama da kyamara a rufe da kwalba a gefe, har wata uku babu wanda ya san kana nan. Maganinsa ka ɗaga hannu ka yi magana ko ta minti ɗaya ce, ka kuma tsaya bayan an rufe, domin yawancin zama kan bar ɗakin a buɗe na minti 10 ko 15 saboda sababbi. Rukunin WhatsApp kuwa a yi hattara, kowa na ganin lambar kowa, kuma abin da ka rubuta ana iya ɗaukar hotonsa.

Ranar farko

Ci abinci kafin ka tafi, ka isa minti 10 kafin lokaci. Wanda ka fara gani yana jera kujeru, ce masa yau ka fara zuwa. A wurare da yawa tsofaffin zuwa kan zuba wa sabo rabin kofin shayi, domin sun san hannun da ke rawa ba ya riƙe cikakken kofi, kuma babu mai cewa komai a kai.

Mai jan zaman zai buɗe, a karanta 'yan shafuka, a tambaya ko akwai sabo. Za ka ji mutane na cewa "Sunana wane, ni mashayi ne." Ba dole ka faɗi haka ba. "Sunana Musa, yau na fara zuwa, sauraro zan yi" ya wadatar. Kowa kan yi magana minti uku zuwa biyar, a kan kansa kaɗai. Ba a katse mutum, ba a mayar masa da martani, ba a yi masa nasiha a gaban jama'a. Sabo kan ji abin banbarakwai, mutum ya gama faɗin abin da ya sa shi hawaye a ce "mun gode" a wuce. Da gangan ne: wanda ya san ba za a yi masa wa'azi ba shi ke faɗin gaskiya. Kusa da ƙarshe ana zagayawa da kwando don kuɗin ɗaki da shayi, ba a sa ran sabo ya saka. Idan ka je da giya a cikinka ba za a kore ka ba muddin ba ka ta da hankali ba, sai dai a ce ka saurara yau, kuma kada ka tuƙa mota ko babur.

Tarkon ranar farko shi ne "ai ni ban kai haka ba." Za ka ji wanda ya kwana a kwata, wanda ya sayar da gidan gado, sai zuciya ta ce maka kai da ke da aiki da iyali me ya kawo ka. Bar kallon inda suka kai, saurari yadda abin yake a ciki: ɓoye kwalba, alƙawarin safe da ke karyewa kafin isha'i, tauna kanumfari kafin shiga gida. Kada kuma ka yanke hukunci da zama ɗaya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a gwada kamar shida daban-daban, domin kowanne da halin mutanensa. Kafin ka fita, karɓi lambar mutum biyu ko uku, ka kira ɗaya washegari ko babu abin da ya faru, don ranar da kwaɗayin ya taso kiran ya zo maka da sauƙi.

Abin da kan tsaya wa Musulmi a rai

Yawan yin zaman a ɗakin coci haya ce ko aro, domin ƙa'idar AA ta hana ta jingina da kowane addini ko ƙungiya. Wasu zaman kan rufe da addu'ar Kirista ana riƙe hannu. Kana iya ja da baya ka yi shiru ko ka yi taka addu'ar a zuci, babu mai tuhumarka. Inda matakan suka ambaci Ubangiji sun bar wa kowa nasa imanin.

Wanda ya fi nauyi shi ne faɗin laifi, tunda an hore mu da rufa wa kai asirin da Allah Ya rufa. Hadisin da ya yi gargaɗi a kan haka yana magana ne kan mai bayyana saɓonsa ga jama'a bayan Allah Ya suturta shi. Mai gaya wa likita ko amini ɗaya damuwarsa don neman mafita niyyarsa daban ce, kuma a zaman ba a neman ka zayyana abin da ka aikata, ana neman ka faɗi halin da kake ciki yau. Idan abin bai kwanta maka ba, tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, ko ka koma SMART ko Millati Islami. Iyalan mai sha kuma su tuna hadisin da ke cikin Bukhari, na sahabin da aka yi ta kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa.

Wurin da za ka juya ka fita

Duk inda aka nemi kuɗin rajista da sunan AA, ba AA ba ce. Duk inda aka kulle ƙofa, aka sa mari ko aka ɗauki bulala, ba jinya ba ce. A Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu don neman gyara. Haka kuma wanda ya ce ka zubar da maganin da likita ya ba ka, na damuwa ne, na farfaɗiya ko na rage kwaɗayin giya irin naltrexone da acamprosate, kada ka saurare shi. AA da kanta ta rubuta cewa ɗan ƙungiya ba likita ba ne. Mai sayar da garin maganin da ake zuba wa mutum a abinci a ɓoye shi ma a kauce masa.

Sai masu farautar sababbi: mai neman rance a mako na biyu, mai kawo harkar kasuwanci, da namijin da ya fi kowa ɗokin raka sabuwar mace gida. Ke da kika fara zuwa, karɓi lambar mata kawai, ki kuma sa zaman mata zalla cikin waɗanda za ki gwada. Wanda ya matsa miki, ki gaya wa mai jan zaman.

Jagora, yawan zuwa, da ranar da aka zame

Bayan 'yan makonni za ka ji ana maganar sponsor, wato jagoran da zai bi da kai matakan ɗaya bayan ɗaya, wanda za ka iya kira ƙarfe 11 na dare. Nemi wanda ya shekara ɗaya ko fiye bai sha ba, jinsinku ɗaya, shi ma yana da nasa jagoran, kuma yana ɗaukar waya. Ba wanda ya fi iya magana a taro ba. Ce masa: "Za ka iya riƙe ni na ɗan lokaci?" Idan ba ku daidaita ba ana canzawa, ba abin faɗa ba ne. Kada kuɗi ya shiga tsakaninku.

Tsohuwar shawarar AA ita ce zama 90 a kwana 90. Ba doka ba ce, amma da intanet tana yiwuwa, kuma watanni ukun farko ne aka fi zamewa. Idan kullum ya gagara, kada ya gaza uku a mako, ɗaya daga ciki ya zama na dindindin inda aka san ka har za a nemi ka idan ba a gan ka ba. Karɓi ɗan aiki a can, ko jera kujeru ne. Abu huɗu ake cewa a kiyaye domin su ke buɗe wa kwaɗayi ƙofa: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Kwaɗayin kansa kan taso ya yi ƙarfi ya sauka, galibi cikin rabin awa, idan ka ci wani abu, ka bar wurin da kake, ka kira wani.

Idan ka sha, ka koma zama a ranar ko washegari ka faɗa. Kunya ce ke mayar da shan dare ɗaya ya zama na wata shida. Idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, koma wurin likita kafin ka sake tsayawa, domin wahalar janyewa kan ƙaru daga wani karo zuwa na gaba.

Idan babu zama a garinku

A ƙa'idar AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha sun isa su kira kansu rukuni, muddin ba su jingina da wata ƙungiya ba. Abin da ake buƙata ɗaki ne mai ƙofa da ba ya jan ido, kamar aji bayan an tashi ko wani ɗaki a asibiti, sai rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba sa canzawa. Kada a yi a gidan ɗayanku, don ranar da ya zame zaman ya mutu. Littafin AA ana karanta shi kyauta a shafinsu, wanda ya fi jin Turanci ko Faransanci ya karanta sakin layi ya fassara, sannan kowa ya yi magana da Hausa. A riƙa karɓa-karɓar jan zaman, kuɗin kwando kuma mutum biyu su ƙirga, kada ya wuce na shayi da ɗaki. Ya fi kyau aƙalla ɗayanku ya yi 'yan watanni bai sha ba, yana kuma da jagora ta intanet da zai riƙa tuntuɓa.

Za a yi makonnin da mutum ɗaya ne zai zo. Ya buɗe ɗakin ya zauna awar ta cika, domin sabon da aka turo ba ya sanarwa kafin ya zo. Sannan a rubuta rana da lokaci da lambar waya ɗaya, wadda ba ta gidan kowa ba ce, a kai wa nas da jami'in walwala na asibitin da ya fi kusa, a kuma sanar da su duk ranar da wani abu ya canza.